Fashewar jirgin ruwa a Halifax, 1917: karon ne ya hallaka mutane ko shirun da aka yi?

Malam_Sabo_Zariya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so mu tattauna wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya tun da na fara koyar da tarihin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da safiyar Alhamis, 6 ga Disamba, 1917, jiragen ruwa biyu suka yi karo a tashar Halifax, babban birnin lardin Nova Scotia da ke gabashin Kanada. Ɗaya na Faransa ne mai suna Mont-Blanc, wanda ya taso daga New York maƙare da kayan fashewa kusan tan 2,900 da za a kai fagen daga a Turai. Ɗayan kuwa na ƙasar Norway ne mai suna Imo, babu kaya a cikinsa, yana kan hanyarsa ta zuwa New York domin ɗauko kayan agaji na mutanen Beljiyam. An yi karon wajen ƙarfe 8:45, wuta ta kama, amma jirgin bai fashe ba sai ƙarfe 9:04. Mutum kusan 2,000 suka mutu, kimanin 9,000 suka jikkata, unguwar Richmond kuma ta zama kufai.

Ga abin da nake gani. Karon kansa ƙarami ne, domin gudun jiragen a lokacin da suka haɗu bai kai na mai tafiya a ƙasa ba. Abin da ya kashe jama'a shi ne minti ashirin ɗin nan da jirgin ya yi yana ci da wuta a gaban idonsu, ba tare da wani ya gaya musu abin da ke cikinsa ba. Yara masu tafiya makaranta sun karkata zuwa bakin ruwa, mata sun tsaya a tagogi, ma'aikata sun hau rufin masana'antu suna kallo. A ganina, masu laifin farko su ne waɗanda suka san kayan da jirgin ke ɗauke da su suka bar shi ya shiga tsakiyar gari babu alama, babu sanarwa. Ina son jin ra'ayinku.

Ummi_Ɗaliba

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a yi nisa ina neman ƙarin bayani, domin da na ga sunan Imo sai na zaci yana da alaƙa da jihar Imo ta Najeriya.

Malam_Sabo_Zariya

Babu wata alaƙa, Ummi. An ƙera jirgin a 1889 da sunan Runic, sai wani kamfanin Norway mai farautar manyan kifayen teku ya saye shi ya sa masa suna Imo a 1912. Jihar Imo kuwa sai a 1976 aka ƙirƙiro ta.

Ɗanladi_Injiniyan_Ruwa

Malam Sabo, na yi shekaru ina aiki a ɗakin injin jiragen dakon kaya, kuma ban yarda a rage girman laifin tuƙi ba. Tashar Halifax tana da wani matsattsen wuri da ya haɗa babbar tashar da tafkin Bedford, inda jiragen yaƙi da na kaya suke taruwa kafin su tsallaka Tekun Atlantika a ayari. Dokar irin wannan wuri ɗaya ce a ko'ina: kowa ya riƙe damarsa. An kuma ƙayyade gudu, amma Imo ya fito daga tafkin da gudun da ya zarce ƙa'ida, saboda ya makara. Kwal ɗinsa bai iso da wuri ba a ranar 5 ga wata, har aka ja ragar ƙarfen da ake tare mashigin da ita da dare saboda jiragen Jamus masu nutso. A hanya ya gamu da wani jirgin Amurka mai suna Clara da ke tafe a hannun da ba nasa ba, ya kauce masa, sannan ya sake kauce wa wani ƙaramin jirgin ja mai suna Stella Maris. Kaucewar nan biyu ita ta tura shi ɓangaren Dartmouth, garin da ke tsallaken ruwa daura da Halifax, wato hannun da Mont-Blanc ke da haƙƙin bi.

Daga nan sai maganar usur. Jagoran Mont-Blanc, wato ɗan garin da ke hawa baƙon jirgi ya nuna masa hanya a tashar, Francis Mackey, ya busa sau ɗaya, ma'ana yana nan a hannunsa na dama. Imo ya amsa da busa biyu, ma'ana ba zai koma ba. Aka sake maimaita haka. Da Mackey ya ga babu mafita sai ya karya hagu ya gitta ta gaban Imo, kuma da an bar su haka da wataƙila sun goge juna sun wuce. Sai Imo ya busa uku ya ba injinsa baya. Duk wanda ya yi aikin jirgi ya san cewa jirgin da ba shi da kaya yana tasowa sama, farfelarsa da abin juya shi ba sa kama ruwa sosai, kuma idan aka ba shi baya hancinsa yakan karkata. Haka hancin Imo ya karkata dama ya huda rumbun farko na Mont-Blanc. Gangunan benzol da ke saman jirgin suka kife, man ya malala ya gangara ciki, sannan da Imo ya ja baya ƙarfe ya gogi ƙarfe, tartsatsi ya tashi. Da kowane jagora ya bi abin da aka koya masa, da ba mu zauna muna wannan magana ba.

Garba_Kumasi

Na gode da wannan bayani, Injiniya. Amma abin da ban gane ba shi ne, wane ne ya ga dacewar a jera gangunan mai a saman jirgin da cikinsa nakiya ce zalla?

Ɗanladi_Injiniyan_Ruwa

Yaƙi ne ya ga dacewar haka, Malam Garba. A cikin rumbunan akwai sinadarin fikirik kimanin tan 2,300, da TNT tan 200, da audugar albarushi tan 10, an yi musu rufin katako da kusoshin tagulla don kada a sami tartsatsi, an kuma hana ma'aikata riƙe ashana. Bayan duk wannan taka-tsantsan sai aka ɗora benzol a sama, domin ana buƙatarsa a fagen daga kuma jirage sun yi ƙaranci saboda yawan waɗanda Jamus ke nutsarwa. Wannan kam na yarda ganganci ne, kuma ba a Halifax aka yi shi ba, a New York aka yi shi.

Malam_Sabo_Zariya

Injiniya, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa ba, sai dai ka lura cewa jirage suna karo a tasoshin duniya kullum, gari bai tashi ba. Kafin yaƙin, ba a barin jirgin da ke ɗauke da irin waɗannan kaya ya shiga cikin tashar Halifax. An sassauta dokar ne saboda tsoron jiragen Jamus. An kuma bar Mont-Blanc ya shiga ba tare da jar tutar da ke nuna kayan fashewa ba, ba tare da an tsayar da zirga-zirgar sauran jirage ba. Ko jagoran Imo, William Hayes, bai san da me yake jayayya ba. Ina da yaƙinin cewa da ya ga jar tuta, da bai busa usur biyu ba.

Abdu_Maraɗi

Malam, a nan zan ɗan saɓa maka. Jirgin da ba shi da gudu, wanda zai tsallaka teku cike da jiragen abokan gaba, idan ya ɗaga tutar da ke cewa nakiya ce a cikinsa, ai ya kira ajalinsa da kansa. Kuma a lokacin kowa yana tsoron 'yan leƙen asiri a gari. Ba ina wanke su ba ne, amma mutumin da ke cikin yaƙi ba ya tunani irin na wanda ke zaune lafiya bayan shekara ɗari.

Malam_Sabo_Zariya

A tsakiyar teku na yarda da kai, Malam Abdu. Amma bayan ya wuce ragar ƙarfe ya shiga tsakanin gidajen mutane, wane jirgin Jamus ne zai gan shi?

Nas_Zainabu

Ni aikina a sashen ido ne, kuma ta nan na fara sanin wannan labari tun muna makarantar koyon jinya. Abin da Malam Sabo ya faɗa game da tagogi shi ne ya fi taɓa zuciyata. Lokacin hunturu ne, mutane da yawa suna cikin gida, sai suka tsaya a bayan gilashi suna kallon hayaƙi da gangunan da ke tashi sama suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Da babbar fashewar ta zo, gilashin ya tarwatse a fuskokinsu. An sami rahoton raunin ido kusan 5,900, likitoci sun cire idanu 249, mutum 16 kuma an cire musu duka biyun. Wani likitan ido mai suna George Cox, wanda ya zo daga garin New Glasgow a jirgin ƙasa, ya yi ta aiki dare da rana kusan babu hutu. Na taɓa taimakawa wajen ciro gilashin mota daga idon yaro guda ɗaya, kuma na san yadda hannuna ya yi ta rawa bayan an gama. Ban san yadda zuciya take ɗaukar ɗaruruwa a jere ba. Wannan annoba tana cikin abin da ya ƙarfafa kafa cibiyar kula da makafi ta ƙasar Kanada a 1918.

Abin da nake so a gane shi ne, waɗannan mutane ba sai sun gudu ba. Da an ce musu su matsa daga taga kawai, da dubbai sun tsira da ganinsu.

Direba_Isuhu

Ranku ya daɗe, ni direban tanka ne, ba ni da zurfin karatu, amma ina da abin faɗa. Kuna ta cewa da an gaya wa mutane da sun gudu. Ni na ga akasin haka da idona. Wata rana motata ta sami matsala a bakin wani ƙauye, mai yana ɗiga, na fito ina ɗaga hannu ina roƙon mutane da girman Allah su ja baya, amma ƙara matsowa suke yi, wasu da jarkoki. Allah ne ya kiyaye ba a sami tartsatsi ba. Kamfanin da nake yi wa aiki a lokacin bai ba ni ko abin kashe wuta mai aiki ba. A Majiya ta jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, babu wanda bai san fetur ne a cikin tankar da ta faɗi ba, amma mutum fiye da 150 suka rasu. Saboda haka ina ganin ko da an ɗaga tuta goma a Halifax, masu kallo za su yi kallo.

Maman_Ilham_Halifax

Malam Isuhu, Allah ya ƙara kiyaye ku a hanya. Amma ina ganin akwai bambanci. Mutanen Majiya talauci ne ya ja su, suna ganin abin da za su ɗiba su sayar. Mutanen Richmond babu abin da za su samu a jikin jirgin nan, sun ɗauka gobara ce irin wadda suka saba gani. Hujjata ita ce duk waɗanda suka san gaskiya sun gudu. Ma'aikatan Mont-Blanc sun sauke ƙananan kwale-kwale biyu suka yi ta tuƙi zuwa gaɓar Dartmouth, suka shige cikin itatuwa, kuma dukkansu sun tsira sai mutum ɗaya.

Shekarata takwas a wannan gari. Duk ranar 6 ga Disamba ana taruwa da safe a kan tudun Fort Needham, inda aka gina hasumiyar ƙararrawa ta tunawa da mamatan, kuma daga wurin kana hango daidai inda jirgin ya fashe. Na kai yarana su ga guntun angar Mont-Blanc, mai nauyin kusan rabin tan, wanda ya faɗo a Armdale, fiye da kilomita 3 daga wurin. Igwar jirgin kuwa a kusa da tafkin Albro aka tsince ta, ta ɗaya ɓangaren. Ruwan tashar ya tashi ya yi toroƙo ya haura gaɓa, ya ɗauki Imo ya jefar da shi a tudu ta wajen Dartmouth. Sai ka tsaya gaban ƙarfen nan ka taɓa shi sannan lissafin yake shiga kanka.

Garba_Kumasi

Hajiya, wannan gudun da ma'aikatan jirgin suka yi shi ne ya tsaya mini a rai. Sun bar jirgi yana ci da wuta, ruwa ya kai shi har gindin matsayar jirage ta 6 a Richmond, su kuma suka tsira da rayukansu. Kyaftin Aimé Le Médec bai kamata ya bar jirginsa ba.

Ɗanladi_Injiniyan_Ruwa

Malam Garba, faɗar haka daga nesa tana da sauƙi. Su a tunaninsu daƙiƙoƙi suka rage, ba mintoci ba. Ruwa ba ya kashe wutar benzol, kuma buɗe ƙasan jirgi don ya nutse aiki ne da ke cin lokaci mai tsawo. Sun yi ta ihu suna gargaɗin jiragen da ke kusa yayin da suke tuƙa kwale-kwalen, amma da Faransanci suke yi, ga ƙarar wuta da hayaniya. Inda zan ɗora musu laifi shi ne rashin sakin anga kafin su sauka, da rashin tsayawa su tabbatar wani ya fahimce su. Shi Mackey ɗan gari ne mai jin Ingilishi, nauyin wannan ya fi hawa kansa.

Baba_Reluwe

'Ya'yana, ni tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma ina so a ambaci mutumin da ya sani amma bai gudu ba. Vince Coleman mai kula da shige da ficen jiragen ƙasa ne a tashar Richmond, 'yan ɗaruruwan mitoci daga inda jirgin ke ci. Labari ya iso musu cewa albarusai ne a ciki, shi da abokin aikinsa suka fita da gudu, sai ya tuna cewa jirgin fasinja na dare daga Saint John yana gab da isowa da mutum kusan 300. Ya koma kan na'urar tangaraho ya aika saƙo cewa a tsayar da jirgi, jirgin ruwa mai albarusai yana ci da wuta kuma zai fashe, ya yi musu ban kwana. A nan ya mutu. Jirgin ƙasan ya tsira a wajen Rockingham, daga baya ma shi ya kwashi masu rauni zuwa Truro.

Masu tarihi sun yi saɓani a kan ko saƙon ne ya tsayar da jirgin ko dama a makare yake. Ni wannan bai dame ni ba. Abin da na sani a matsayina na ɗan reluwe shi ne, saƙon tangaraho duk tasoshin da ke kan layin suna jin sa. Fashewar ta katse wayoyin garin, amma kafin ta katse, tasoshin sun riga sun san abin da ke faruwa, shi ya sa jiragen agaji suka taso daga garuruwan lardin a ranar. Wannan yana goyon bayan Malam Sabo: mutum ɗaya da aka gaya wa gaskiya ya yi wannan aiki, ina ga an gaya wa ɗari.

Maman_Ilham_Halifax

Baba, na'urar tasa da agogonsa suna nan a gidan tarihin harkokin teku da ke bakin ruwa a nan Halifax. Kuma akwai waɗanda suka mutu saboda rashin sani suna ƙoƙarin taimako: kyaftin ɗin Stella Maris, Horatio Brannen, da sojojin ruwan da suka zo daga jiragen Highflyer da Niobe suna shirin ɗaura igiya su janye jirgin daga gaɓa. Haka 'yan kwana-kwana tara, har da shugabansu Edward Condon. Motarsu mai suna Patricia ta iso wurin daidai lokacin, direbanta Billy Wells ne kaɗai ya rayu daga cikinta.

Alaramma_Tukur

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina so in ja hankalinmu kada yawan cewa "da an yi kaza" ya mantar da mu cewa ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma kuma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai sakaci alhakinsa ba, shi ya sa shari'a ta wajabta diyya a kisan kuskure, aka kuma umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Tambayata ga masana doka ita ce, a ƙarshe wa aka kama da laifi?

Barista_Hauwa

Allah ya gafarta Malam, amsar a taƙaice ita ce babu wanda aka hukunta. An fara zaman bincike ranar 13 ga Disamba, 1917, a ƙarƙashin Mai Shari'a Arthur Drysdale, garin yana cike da fushi. Kyaftin ɗin Imo, Haakon From, da jagoransa Hayes duk sun mutu a fashewar, mutanen Mont-Blanc kuwa suna raye, ga su baƙi masu wani harshe. Ranar 4 ga Fabrairu, 1918, binciken ya ɗora laifin gaba ɗaya a kan Le Médec da Mackey, ya kuma zargi Kwamanda Evan Wyatt, jami'in sojan ruwa mai kula da shige da ficen tashar. Aka tuhume su da kisan kai ba da niyya ba. Wani alƙali, Benjamin Russell, ya ga babu hujjar da za ta riƙe tuhumar ya saki Mackey, tuhumar Le Médec ma ta faɗi, Wyatt kuma masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi.

A shari'ar diyya tsakanin masu jiragen, Kotun Ƙolin Kanada ta yanke a 1919 cewa jiragen biyu laifinsu ɗaya, kuma majalisar ɗaukaka ƙara ta Landan ta tabbatar da haka a 1920. Abin lura a nan, wanda ya dace da maganar Malam Sabo, shi ne duk shari'ar ta karkata kan wa ya busa usur nawa, wa ya karya ina. Manyan da suka sassauta dokar tashar ba su tsaya gaban kowa ba. Wyatt ƙaramin jami'i ne idan aka kwatanta da su. Kafin ma a kai ga kotu, an tsare Jamusawan da ke zaune a garin, an kuma zargi matuƙin Imo, John Johansen, da leƙen asiri yana kwance a asibiti, alhali ɗan Norway ne.

Abdu_Maraɗi

Barista, wannan ya tuna mini da Bairut. Ranar 4 ga Agusta, 2020, tan 2,750 na sinadarin da ake haɗa taki da shi suka fashe a rumbun tashar, bayan an sauke su daga jirgin Rhosus an ajiye shekara da shekaru, jami'ai suna ta rubuta wa juna takardu. Mutum fiye da 200 suka mutu, kuma a can ma 'yan kwana-kwana aka tura ba tare da an gaya musu abin da ke ciki ba, mutane kuma suna ɗaukar hoton hayaƙi ta tagogi. Na fara komawa ra'ayin Malam Sabo, ko da yake har yanzu ina ganin uzurin yaƙi uzuri ne.

Direba_Isuhu

To, ga wata tambaya. A ce an yi shela, cikin minti ashirin ina mutum dubu za su je da yara da tsofaffi?

Malam_Sabo_Zariya

Tambayarka tana da nauyi, Malam Isuhu, kuma ita ce ta fi raunana matsayina. Duk abin da ke cikin mita 800 daga jirgin ya rushe ƙurmus, gine-ginen da ke cikin kilomita biyu da rabi kuma ko dai sun faɗi ko sun lalace ƙwarai. Gidaje fiye da 1,600 suka rushe, wasu 12,000 suka lalace. Mai lafiya zai iya tserewa daga mita 800 cikin minti goma, amma uwa mai goyo da yara uku a kan tudu ba lalle ba ne. Sannan mutane da yawa ba fashewar ce ta kashe su kai tsaye ba. Gidajen katako ne suka rufta musu, murhun kwal da ake ɗumama ɗaki da shi ya kife, wuta ta cinye su a ciki.

Akwai kuma abin da ya faru bayan kamar awa ɗaya, wanda dole in faɗa ko da ya saɓa wa hujjata. Jita-jita ta bazu cewa rumbun makamai na barikin Wellington zai fashe. Sojoji suka kora jama'a zuwa filaye, masu ceto suka bar waɗanda ke ƙarƙashin ɓaraguzai, kuma fashewar ta biyu ba ta zo ba. An yi asarar sa'o'i masu tsada.

Garba_Kumasi

Irin wannan ne ya faru a Ikeja ranar 27 ga Janairu, 2002, da rumbun makaman barikin soja ya kama. Mutum fiye da 1,000 suka mutu, kuma mafi yawansu ba wuta ce ta taɓa su ba, gudu suka yi cikin duhun rashin sani suka faɗa magudanar ruwa ta Oke-Afa. Wato gargaɗin da bai gaya wa mutum inda zai nufa ba shi ma yana kisa.

Nas_Zainabu

Gaskiya ne, amma ina nan a kan bakata game da tagogi. Wannan gargaɗi ba ya buƙatar kowa ya yi gudu.

Ummi_Ɗaliba

Maman Ilham, don Allah yaya waɗanda suka rayu suka yi da sanyi, tunda an ce hunturu ne?

Maman_Ilham_Halifax

Ƙanwata, washegari ne ma abin ya ƙara muni, domin guguwar dusar ƙanƙara ta sauka ta zuba kusan santimita 40, ta rufe kufan da mutanen da ke ƙarƙashinsa, ta kuma tsayar da jiragen agaji a hanya. Mutum kusan 6,000 ba su da gida sam, wasu 25,000 kuma suna cikin gidajen da babu tagogi. Jirgin ƙasa ɗauke da likitoci da ma'aikatan jinya ya taso daga Boston a daren ranar da abin ya faru, ya kutsa cikin ƙanƙara ya iso da safiyar 8 ga wata. Saboda wannan alheri ne lardin Nova Scotia yake aika wa Boston babbar bishiyar Kirsimeti kowace shekara tun 1971. An mayar da makarantar Chebucto Road wurin ajiye gawa, kuma wanda ya shugabanci aikin, Arthur Barnstead, ya bi tsarin lamba da bayanin kayan jikin mamaci da mahaifinsa ya yi amfani da shi ga gawarwakin Titanic a 1912. Gawar ƙarshe sai a 1919 aka gano ta.

Amma agajin bai kai ga kowa daidai ba, kuma wannan yana yi mini ciwo duk lokacin da na wuce ta wurin. An sake gina Richmond da gidajen bulo masu jure wuta, unguwar da ake kira Hydrostone, wadda yau tana cikin wuraren da ake sha'awa a garin. 'Yan asalin ƙasar na ƙabilar Mi'kmaq da ke zaune a Tufts Cove, daura da inda jirgin ya fashe, ruwa da wuta sun shafe matsuguninsu kuma ba a sake gina shi ba. Africville, unguwar baƙar fata da ke bakin tafkin Bedford, ta sami ɓarna amma abin da ya kai gare ta kaɗan ne, ba a sa ta cikin sabon ginin ba, daga baya ma hukumar birni ta rushe ta a shekarun 1960. Sai a 2010 birnin ya nemi gafara.

Ɗanladi_Injiniyan_Ruwa

Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina nan inda nake, Malam Sabo. Tuta da sanarwa suna rage ɓarna ne bayan an yi kuskure, amma kuskuren a kan ruwa aka yi shi, tsakanin ƙwararru biyu da suka san juna suka kuma san mashigin kamar tafin hannunsu. Abin da na karɓa daga gare ka shi ne maganar tsayar da zirga-zirga. Ofishin Wyatt ya kamata ya riƙe Imo a tafkin har Mont-Blanc ya wuce, kuma wannan ba ya buƙatar a tona asirin kaya ga kowa.

Barista_Hauwa

A kan wannan gaɓar, Injiniya, Wyatt ya shaida wa masu bincike cewa ba a sanar da shi fitowar Imo a safiyar ba, domin ofishin jagororin jirage ya daina kai masa rahoton motsin jirage yadda doka ta ce. Shi kuma Mackey, duk da kotu ta sake shi, an riƙe lasisinsa har 1922. Da aka mayar masa, ya koma aikinsa, ya ci gaba da shigo da jirage ta wannan matsattsen wuri, yana wucewa ta gaban Richmond.